Ƙurajen Aski: Gyara Askinka Kafin Ka Sayi Man Bitamin

Mai karatu, idan kana cikin mazan da ƙuraje ke feso wa a haɓa da wuya bayan kowane aski, da wuya a ce ba a taɓa tallata maka wani mai da aka rubuta "bitamin" a jikinsa ba. Ra'ayina shi ne: babu man da zai raba ka da waɗannan ƙuraje muddin ba ka sauya yadda kake aski ba.

Dalili kuwa yana cikin gashin kansa. Gashin baƙar fata a nannaɗe yake fitowa. Idan reza ta yanke shi daf da fata, bakinsa kan yi tsini kamar allura, sai ya lanƙwaso ya soki fatar, ko kuma ya ci gaba da girma a ƙarƙashinta. Jiki kan ɗauke shi tamkar ƙaya, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, daga baya ya bar baƙin tabo. Reza mai baki uku ko biyar ta fi ɓarna, domin takan ja gashin sama kafin ta yanke shi, ragowar ya koma ciki.

Wannan ba ya nufin bitamin ba su da amfani. Kowanne dai da aikinsa da kuma iyakarsa. Dangin bitamin A, irin su tretinoin, kan rage matacciyar fatar da ke danne gashi. Sai dai da dare ake shafa su, kaɗan-kaɗan, ana ɗaukar makonni kafin a ga sauyi, kuma sukan busar da fata, musamman lokacin hunturu. Mace mai ciki ta nisance su. Niacinamide, wato bitamin B3, ya fi sauƙi ga fata, yana kuma taimakawa wajen dusashe tabo. Bitamin C yana rage baƙin tabo shi ma, amma zafi da haske na lalata shi. Idan ka ga ruwan ya koma launin ƙasa, ƙarfinsa ya tafi. Shi kuwa bitamin E, sunansa ya fi aikinsa: a wani bincike da aka yi a Jami'ar Miami ta Amurka a 1999, bai gyara tabon tiyata ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka shafa shi fatarsu ta yi borin ƙaiƙayi.

Ka lura, fatar da aka aske yanzu cike take da ƙananan raunuka da ido ba ya gani. Zuba mata sifirit, ko bitamin A da C nan take, gyaran gangar auzinawa ne. Mafi haɗari su ne mayukan bilicin da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, waɗanda da yawansu ke ɗauke da sinadarin steroid. Sukan kwantar da ƙurajen na 'yan kwanaki, sannan su sirantar da fata.

Abin yi a bayyane yake. Ka dakatar da aski na mako uku zuwa huɗu, gashin da ya maƙale ya fito. Idan ka dawo, ka yi amfani da kilifa, ka bar gashin ya kai kamar milimita ɗaya. In dole sai da reza, ka jiƙa gemun da ruwan ɗumi, ka ɗauki sabuwa mai baki ɗaya, ka bi inda gashi ya kwanta, kada ka ja fatar. Ka gaya wa mai aski haka ƙarara, ko da zai ce askin bai fita ba.

Idan kuwa ƙurajen sun fara ruwa, ko sun yi tauri a ƙeya suna haɗewa, kada ka tsaya gwaje-gwaje. Ka je wurin likitan fata da wuri, domin tabon da ya riga ya kumbura ya fi ƙarfin kowane mai.