Dattawan Taurari da Labarin da Suke Bayarwa

Wanda yake so ya san asalin gari, wurin tsofaffi yake zuwa. To, taurari ma suna da dattawansu, zancensu kuwa za mu yi a wannan wata.

Farin layin nan da yake ratsa sararin sama a daren da ba farin wata, gefen wani babban birni ne na taurari, ranarmu kuwa ɗaya ce daga cikin mazaunansa. Kewaye da birnin akwai curin taurari wajen 150. Kowane curi a dunƙule yake kamar fura, da taurari dubu ɗaruruwa a ciki. Kada ku haɗa su da Kaza da 'Ya'yanta. Kaza yarinya ce, shekarunta wajen miliyan 100 ne kawai, amma yawancin curin nan sun kai shekara miliyan dubu 12.

Ƙaƙa aka san shekarunsu? Taurarin curi ɗaya kusan sa'o'in juna ne. Tauraro mai nauyi yakan ƙone da sauri kamar wutar kara, marar nauyi kuwa yakan daɗe kamar gawayi. Idan masana suka duba waɗanne suka mutu, waɗanne suka rage, sai su lissafta shekarun curin. Akwai kuma shaida ta biyu. A cikin taurari ake ƙera ƙarfe, sai sun mutu yake watsuwa. Saboda haka tauraron da aka haifa tun da wuri ƙarfensa kaɗan ne, haskensa kuwa yakan nuna haka.

A 1918 wani Ba'amurke, Harlow Shapley, ya auna nisan waɗannan curi, ya ga sun taru a gefe guda na sama. Da haka ya gane cewa ranarmu ba a tsakiyar birnin take ba, can wajen gefe take. A 1978 kuma Leonard Searle da Robert Zinn suka bincika ƙarfen da ke cikin curin da suke nesa, suka ce ba a gina birnin nan rana ɗaya ba, ƙananan garuruwa ya yi ta haɗiyewa har ya ƙasaita.

Daga baya aka sami shaida. A 1994 aka gano wani ƙaramin birnin taurari a sashen da ake kira Sagittarius, wanda namu yake cikin yayyagawa, curin da ake kira M54 kuwa yana tsakiyarsa. Sa'an nan kumbon Gaia, wanda Turawa suka harba a 2013, ya auna tafiyar taurari fiye da miliyan dubu. A 2018 awonsa ya nuna cewa wani birni ya afka cikin namu shekara wajen miliyan dubu 10 da suka wuce. Taurarinsa sun warwatse, amma curinsa ba su rabu ba, har yanzu ana gane su ta hanyar da suke bi, kamar yadda ake gane baƙo da harshensa.

Kuna iya ganin ɗaya da idonku. A watan Afrilu ko Mayu, bayan cin tuwon dare, ku fuskanci kudu inda ba fitila, ku nemi wani ɗigon haske mai hazo-hazo. Sunansa Omega Centauri. Taurarinsa sun kai miliyan 10, haskensa kuwa sai ya yi tafiyar shekara wajen 17,000 kafin ya iso mana. Taurarinsa ba sa'o'in juna ba ne, ƙarfensu ma ya bambanta, shi ya sa masana da yawa suke zaton cibiyar wani birni ce da namu ya haɗiye.

Iyaye, ku fita da yara su gani. Wanda yake da madubin hangen nesa ya ara wa maƙwabci. Sai wata mai zuwa.