Wa Ya Taɓa Ganin Hoton Dajin Kogo?

Ɗauki wayarka ka rubuta Ƙanƙara a shafin bincike, ka duba hotunan da za su fito. Ƙofar makaranta, takalman yara a warwatse, iyaye mata sun ɗora hannu a ka. Rubuta Faskari, za ka ga makara a jere da gidaje sun ƙone. Rubuta Sabuwa, za ka ga motar sojoji da mutane ɗauke da ƙunshin kaya a ka. Duk waɗannan sun faru, ba mu ce a goge ko ɗaya ba. Abin da muke ja da shi shi ne a ce iyakar fuskar ƙasarmu ke nan.

A ƙarshen shekarar 2020 abubuwa biyu suka faru a kudancin Katsina. Daren 11 ga Disamba 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 ranar 17 ga wata, duniya duka ta ga hotunansu ƙafa ba takalmi. A daidai wannan lokaci Gwamnatin Tarayya ta sanar da sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma, cikinsu har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina. Labari na farko kowa ya san shi. Na biyu fa? Tambayi matasa goma a Funtuwa ko Katsina yadda dajin Kogo yake, wace bishiya ta fi yawa a cikinsa, ina ruwansa ke bi. Da wuya ka sami wanda ya taɓa ganin ko hotonsa. Gandun ƙasa ne a takarda, a idon jama'a kuwa maɓoyar ɓarayi ce kawai.

Mun san abin da za a ce mana: ana kashe mutane, ku kuna zancen hoton dutse da bishiya? Masu wannan magana muna girmama zafin zuciyarsu, amma ba mu yarda da su ba. Mutumin da aka kora daga ƙauyensa ba gida kawai ya rasa ba. Ya rasa fadamar da yake noman rani, da ɗorawar da kakansa ya bar masa, da dutsen da yake hange daga nesa ya san ya iso. Yaron da aka haifa a gudun hijira cikin Funtuwa ko Malumfashi, me za a nuna masa idan ya ce a kwatanta masa garinsu? In ba shi da komai sai hoton gawa, da wace zuciya zai so komawa? Kowa ya bar gida gida ya bar shi, balle wanda bai taɓa ganin gidan ba.

Hoton ƙasa kuma ba ado ba ne kawai, hujja ce. A 1861 wani mai hoto, Carleton Watkins, ya shiga kwarin Yosemiti a Amurka ya ɗauki manyan duwatsunsa da magangarun ruwansa. Hotunan sun isa hannun 'yan majalisar da ba su taɓa taka wurin ba, a 1864 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar kare kwarin. Haka William Henry Jackson ya ɗauko hotunan Yellowstone a 1871, a 1872 aka mai da wurin gandun ƙasa na farko a Amurka. Gani ya kori ji. Wanda ke raba kasafin kuɗi a Abuja ko Katsina ba zai ware ko kwabo don dajin da bai san kamanninsa ba. In kullum hoton da ke zuwa masa na bindiga ne, maganin da zai tuna shi ne jirgin yaƙi, ba shuka ba, ba mai gadin daji ba, ba burtali ba.

Sai dai akwai wani gefen labarin Amurka da ba za mu kwaikwaya ba. Waɗancan hotuna sun nuna wurare fayau kamar ba a taɓa zama cikinsu ba, alhali akwai 'yan asalin ƙasar da aka kora daga Yosemiti da bakin bindiga. Mu dajinmu ba fanko ba ne. Sarautar hakimin Ƙanƙara ma, Sarkin Pauwan Katsina, sunan tsohon gari take ɗauke da shi, garin da yau ba a ambatonsa a labarai sai an haɗa da "dajin da aka kai yara". Daudawa auduga ta yi mata suna tun zamanin Turawa. Ƙanƙara farar ƙasa ake haƙa a cikinta. Hoton da ya dace da mu shi ne wanda ke nuna dutse da gonar dawa a gindinsa, rafi da garken shanu a bakinsa, manomi da makiyayi a fili ɗaya kamar yadda suka zauna shekaru aru-aru. Wannan hoton kaɗai ya isa ya ƙaryata mai cewa gaba aka gada.

Ga kuma abin da ke ɓacewa ba wanda ya lura. Ana sare kirya da marke ana mai da su gawayi, ana kayar da maɗaci da kaɗanya. A 2021 sai da gwamnatin Katsina ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, cikin dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, watanni suka shuɗe ba hoton da ya fita. Idan babu hoton yadda tsauni yake da bishiyoyinsa a bara, da me za a nuna cewa bana ya zama sanƙo? Mai sara ya fi kowa son duhu.

Sannan mu juya ga masu wayoyin da suka fi kyamarar Watkins sau dubu. Kowace Juma'a shafuka na cika da gaisuwa a kan hoton dusar ƙanƙarar Suwizalan, ko gaɓar tekun wata ƙasa, ko wani lambun da kwamfuta ta ƙaga. Wanda ya aiko yana zaune a Mairuwa, ruwan madatsa na sheƙi a bayan gidansu da hantsi, bai ga abin ɗauka ba. Amma a kai hari yau, kafin a yi wa mamaci sutura hotonsa ya zaga ƙasa, wataƙila a nan matarsa za ta fara gani. Da aka yi zaman sulhu a 2025, bidiyon masu rataye da harsasai ya fi komai yawo. Wa wannan ke yi wa aiki? Ɗan bindiga jarinsa tsoro ne, duk mai yaɗa hotonsa talla yake yi masa kyauta.

Kada a yi mana gurguwar fahimta. Ba mu ce wani ya rataya kyamara ya nufi cikin Kogo ko Rugu ba. Babu hoton da ya kai ran mutum, kuma a inda ake zargin masu kai rahoto, ɗaga waya kaɗai na iya jawo wa mutum abin da ba ya so. Kada a ɗauki shingen jami'an tsaro, kada a nuna hanyar shiga ƙauye, kada a sa fuskar wani ba da izininsa ba. Abin da muke nema ya fi haka sauƙi. A ɗauki abin da ido ke kaiwa daga bakin gari: hadari na haɗuwa a kan tsauni, gero ya yi kai, hazon hunturu ya lulluɓe kuka. A rubuta sunan wurin na gaskiya da watan da aka ɗauka. A je wurin dattawa a tambayi sunan kowane dutse da kowace korama kafin su tafi da shi. Tsofaffin masu ɗaukar hoto na garuruwan nan da malaman gona da na daji da suka yi ritaya, a bincika akwatunansu.

Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ta buɗe ma'ajiyar waɗannan hotuna. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma su sa ɗalibansu 'yan yankin su tattara. Hukumar kula da gandayen ƙasa kuwa, da aka ce Kogo na hannunta, ta nuna mana shi, ko daga sama ne. Mujallu irin wannan su ba hoton fadamar Sabuwa shafin gaba.

Wata rana, in Allah Ya yarda, bindiga za ta yi shiru, mutane su koma. Ranar za a tambayi ina iyakar gonar wane take, ina burtali ya bi, wace bishiya ce a nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake da waya a Ƙetare ko 'Yankara ko Damari, ya fita bakin gari gobe da safe ya fara.