A Koya Wa Yaranmu Dalilin Shaye-shaye

Jama'a, duk mai zuwa kasuwa ko tashar mota ya ga abin da za mu faɗa. Ga ɗan dako ya haɗiyi tiramol kafin ya ɗaga buhu, ga yaro a bayan rumfa da tsumman sholisho a hanci. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce mutum miliyan 14 da dubu 300 a Nijeriya sun sha ƙwaya cikin shekara guda, ban da masu giya da taba. Cikin kowane huɗu kuwa, ɗaya mace ce.

To, me a ke koya wa yaranmu a makaranta? A kan ce musu ƙwaya tana haukatarwa, giya tana cin hanta. Gaskiya ne, amma wanda ya ke sha ai ya riga malam sanin haka. Abin da ba a koyarwa shi ne dalili, watau abin da masu ilmin zaman jama'a ke bincikawa: wa ke sha, da wa ya ke zama, wace wahala ta tura shi, wa kuma ke cin riba.

Ga misali. A 1971, cikin sojan Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam, kusan ɗaya cikin biyar ya kamu da hodar heroin a can. Wata malama, Lee Robins, ta bi sawunsu. Cikin ɗari da suka kamu, kamar biyar kaɗai suka sāke kamuwa a shekararsu ta fari a gida. Ashe da suka rabu da tsoro, da kewa, da abokan sha, da arahar hodar, yawancinsu sai suka bari.

An kafa hukumar NDLEA tun 1989, an kuma hana maganin tari mai kodin a watan Mayu 2018. Ba mu ce a bar kama dillalai ba. Amma kamu ba ya rage wa ɗan dako nauyin buhu, ba ya samar wa saurayi sana'a.

Saboda haka muna kira a sa wannan ilmi a kwalejojin horon malamai da makarantun sakandare, a kuma kai shi azuzuwan yaƙi da jahilci da Hausa, don iyaye da shugabannin kasuwa su ji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nuna wa yaranmu inda tsagar ta ke. Allah ya sa mu dace, amin.