Kafin a zana mana Nima: labarin Farfesa Mariam Issoufou

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a Nima cikin watan Maris, daren da aka ɗauke wuta, ba ya bukatar a yi masa lacca a kan ilimin gini. Bango ya sha rana tun safe, da dare sai ya dinga amayo zafin. Taga ɗaya ce 'yar mitsitsiya, ita ma tana kallon bangon maƙwabci. Sai ka ga magidanta sun fito da tabarma lungu, sauro na ta sha'aninsa. Mukan ce zafi daga Allah ne, kuma haka ne. Amma tagar nan fa mutum ne ya yanke girmanta, shi ya zaɓi inda za ta kalla.

Abin da ya sa ke nan nake so in ba ku labarin wata baiwar Allah 'yar Nijar, Mariam Issoufou, wadda da yawa suka fi sani da Mariam Kamara. Farfesa ce ta zanen gine-gine a jami'ar ETH da ke Zurich a ƙasar Suwizalan, ɗaya daga cikin manyan makarantun fasaha na duniya. Ta kama wannan kujera a 2022. Abin da ya kai ta can kuwa, jama'a, ƙasa ce. Ƙasar nan dai da muke jin kunyar a ce da ita aka gina gidan kakanmu.

An haife ta a 1979 a Saint-Étienne ta Faransa, ta tashi a Nijar, wani ɓangare na ƙuruciyarta a arewa, ɓangaren Agadas, inda tsofaffin gidajen ƙasa ke da sanyi a ciki alhali waje kamar tanda. Tun tana yarinya zane take so. Amma da lokacin jami'a ya yi sai ta bi hanyar da ake ganin ta fi kawo abinci: ta karanta kwamfuta a jami'ar Purdue a Amurka, ta yi digiri na biyu a jami'ar New York, ta yi shekaru tana aikin manhaja. Wane uba ne a Zango zai ce 'yarsa ta bar wannan? Ita kuwa ta bari. Ta koma aji, ta fara daga tushe a jami'ar Washington da ke Seattle, ta gama a 2013 tana da shekara 34. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai, ta sa masa sunan Hausa: Masomi.

Aikin da ya fara fito da ita shi ne wasu gidaje shida a Yamai, waɗanda ta yi tare da abokan aikinta aka kammala a 2016, ana kiransu Niamey 2000. Da bulon ƙasa aka gina su, irin wanda inji ke matsewa, ba a gasa shi. Benaye ne a fili ƙarami, amma ba a manta da tsakar gida ba, ba a manta cewa matar gida na son ta yi harkarta ba tare da idon mai wucewa ba. Wannan aiki ya shiga jerin waɗanda aka tantance don kyautar Aga Khan ta 2022.

Amma ni wanda ya fi taɓa ni shi ne na Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa. Mutanen garin suna da tsohon masallacin ƙasa da ya fara lalacewa, kuma ya yi musu kaɗan. Shawarar da aka fara yankewa ita ce wadda mu ma da ita za mu yanke: a rushe, a yi na siminti. To ashe wanda ya gina tsohon masallacin shi ne Alhaji Falke Barmu, maginin gargajiya wanda masallacin da ya gina a garin Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Mariam da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar Iran, suka kawo wata shawarar. Aka gyara tsohon ginin aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gefensa, shi ma da ƙasar wurin. Aka kira maginan da suka yi aikin farko suka shiga gyaran. An gama a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza. Yaro ya fito daga salla ya shiga karatu, mata na da wurin zuwa koyon karatu da sana'a a harabar masallaci. A garin dai ta tsara kasuwa, ta bar tsohuwar bishiyar da ake cin kasuwa a gindinta a tsakiya, ta kewaye ta da rumfuna.

Ku lura da abin da ta yi. Ba ta zo da takardar Amurka ta ce wa magina ku matsa ga mai ilimi ba. Ba ta kuma ce komai na da shi ne daidai ba. Ta zauna da su, ta ɗauki abin da suka sani na ɗaurin guga da bakan gizo, ta kawo nata lissafin. Hausawa dama suna da wannan ilimin tun kafin a buɗe jami'a ko ɗaya a ƙasashenmu; Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya tun a ƙarni na 19, masana daga ƙasashen waje sun sha zuwa kallon bakunansa.

Yanzu mu dawo gida.

A gidanmu na gado a Maamobi akwai zaure lokacin da nake yaro. Nan kakanmu ke karɓar baƙi, nan ake karatun allo da asuba, nan baƙon da ya sauka daga arewa ke kwana kafin ya sami ɗaki. Bangon ƙasa ne, irin wanda a nan ake cewa atakpame, an shafe shi da siminti. Da 'yan uwa na waje suka fara aiko da kuɗi sai aka ce a gyara gida. Aka rushe zauren aka yi shaguna biyu. Aka ci rabin tsakar gida aka yi ɗakunan haya. Babu wanda ya zana komai a takarda. Magini ya ja layi a ƙasa da sanda, manya suka ce ya yi. Kuɗin haya na shigowa, ban musa ba. Amma yau in za a yi suna ko ɗaurin aure sai an tare hanya an kafa rumfa, iyayenmu mata na girki a lungun da iska ba ta ratsawa, ruwan sama kuwa in ya sauka ba shi da hanyar fita sai ta ƙofar ɗaki. Ba na zargin maginin, abin da aka sa shi ya yi. Laifinmu ne da ba mu da ko mutum ɗaya a dangi da zai ce ku tsaya, akwai yadda za a sami shagon a kuma bar iska.

Labarin gidanmu labarin gidaje ne da yawa daga Nima har Sabon Zango. Unguwar da Malam Amadu Futa ya kafa a farkon shekarun 1930 a matsayin masaukin baƙi da masu shanu, yau tana tsakiyar birni, maƙwabtanta Kanda da Ridge da hanyar filin jirgi. Filinta ya zama zinariya, kuma kowa ya sani. A watan Fabrairun 2019 Shugaba Akufo-Addo ya gaya wa majalisa cewa za a sake gina Nima ta zama unguwar zamani, ba tare da an kori mutanenta ba. Kun tuna yadda gari ya ɗauka. Wasu murna, wasu tsoro, tsofaffi na tambaya in an ɗora mu a bene hawa goma ina za a ɗaure ragon layya, ina mai koko da ƙosai za ta kafa tukunya, ina za a ajiye gawa a yi mata salla. Maganar ta lafa, amma wanda ya ce ta mutu bai san darajar fili a Accra ba. Za ta dawo, ko da wace jam'iyya ce a sama.

Ranar da ta dawo, wa zai zauna a teburin da ake zanen? Limamai da sarakunan Zango za a kira su, a ba su kujerar gaba, a nuna musu hoto mai kyau a allo. Amma karanta zanen gini wani ilimi ne daban. Wanda bai iya ba, zai ga bishiyoyi da motoci a hoto ya ce madalla, sai an gama gini ya tarar ɗakin haya ɗaya da iyali bakwai ke dogaro da shi babu shi a lissafi. Haka batun babbar gwatar nan da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi. Kowace damina mu tsaya muna kallonta cike da bola, gaba na faɗuwa, muna tuna daren 3 ga Yunin 2015 da ambaliya da gobara suka ci rayuka sama da 150 a Circle. Nima na cikin unguwannin da aikin GARID na Bankin Duniya ya ɗauka tun 2019. 'Ya'yanmu nawa ne ke iya buɗe takardun aikin su ce nan an yi daidai, nan an yi kuskure?

Na san abin da wani zai ce: Malam, Yamai ba Accra ba ce. Can ƙasa busasshiya, nan ruwa da laima. Can fili, nan ko wurin shanya babu. Gaskiya ne, kuma ba cewa nake a koma tubali da makuba a Nima ba. Mun ga yadda wani sashe na tsohon masallacin Bole ya rufta bayan ruwan sama a watan Satumbar 2023. Ginin ƙasa in ba a kula da shi kowace shekara, ruwa zai ci shi. Amma ku duba Larabanga: a shekarun 1970 aka shafe masallacin da siminti da nufin kare shi, sai simintin ya tsare laima a cikin bango, gara ta shiga itatuwan, ginin ya kusa tafiya. Sai a farkon shekarun 2000 aka kankare simintin aka mai da masa yaɓen ƙasa. Waɗanda suka shafa simintin da niyya mai kyau suka yi. Ilimin ne babu. Kuma yau a cikin Accra ɗin nan akwai masu gina gidajen ƙasa da aka daddanna a cikin allo, masu kuɗi ne ke saye suna alfahari. Mu da muka gada muna gudu, su suna biyan dala.

Ko babban masallacinmu na Kanda, da aka buɗe a watan Yulin 2021, ni ma ina alfahari da shi, Allah ya saka wa Turkawan da suka gina, ya ƙara wa Shaihu Usman Nuhu Sharubutu lafiya. Amma in na tsaya a gabansa Istanbul nake gani. Ƙananan masallatanmu na lungu kuma kowa ƙoƙari yake ya kwaikwayi abin da ya gani a Saudiyya, a manna tayil, a rufe da gilashi, sannan a shiga neman kuɗin fanka da na'urar sanyi. Mutanen Dandaji sun sami masallacin da ya yi kama da su, kuma ba ya jiran wuta kafin a iya zama a ciki.

Hanyar karatun nan ba a ɓoye take ba. Jami'ar KNUST a Kumasi ta daɗe tana koyar da zanen gine-gine, tun wajen samun 'yancin kai: shekara huɗu digiri na farko, biyu na biyu, sai koyon aiki da jarrabawar rajista. A nan Accra ma Farfesa Lesley Lokko, wadda mahaifinta ɗan Ghana ne, ta kafa cibiyar African Futures Institute a 2021. Ita ce ta shirya babban baje kolin gine-gine na Venice a 2023, inda Mariam Issoufou ta nuna aikinta. Wato mutanen da duniya ke sauraro a wannan fage suna shiga suna fita a garin da muke zaune. Karatun na da tsada, kayan zane da kwamfuta da tsawon shekaru, shi ya sa ɗan mai sayar da waake ba ya ko tunaninsa. Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017 ya taɓa ɗaukar nauyin yara zuwa Kuba karatun likita, kuma an gode. Me zai hana a ware gurabe ko biyar a shekara na zanen gini da tsara birni, da sharaɗin yaron ya dawo ya yi wa unguwa aiki? In gwamnati ta yi nauyi, ƙungiyoyin 'yan Nima da ke New York da Hamburg fa? Kuɗin da ake aikowa a ɗora bene ɗaya marar taga ya isa ya riƙe ɗalibi har ya gama.

Sai iyaye. Yarinyar da ke cika bayan littafinta da zane, a gidajenmu duka take sha, a ce tana wasa da takarda. Yaron da ke bin magini yana tambaya, a ce zai ƙare a ɗaukar kwanon siminti. In ya kai sakandare a tura shi inda ake ganin kuɗi na kusa. Ita kanta Mariam sai da ta yi kwana ta hanyar kwamfuta, ta kashe shekaru, kafin ta dawo ga abin da take so tun farko, kuma ta yi sa'a tana da halin sake farawa. 'Ya'yanmu ba su da wannan sararin. In an karkatar da su sau ɗaya shi ke nan.

Akwai 'yar ƙanwata a aji na ƙarshe na ƙaramar sakandare, hannunta na da kyau a zane, lissafi ma ba ta da laifi. Uwarta ta riga ta yanke cewa nas za ta zama. Na nuna mata hotunan Dandaji a waya, ta daɗe tana kallon rufin masallacin, sannan ta tambaye ni ko da gaske mace ce ta zana. Ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko zan je in sami mahaifinta mu yi magana kafin a cike takardar zaɓen makaranta.