RA'AYINMU: Kada A Rushe Tsoffin Gidaje Don Gina Shaguna

Muna kira ga 'yan'uwanmu mutanen Gombe mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi, musamman masu aika kuɗi gida don a yi musu gini a kewayen kasuwa. Abin da aka saba shi ne a sayi tsohon gida, a baje shi, a tayar da bene mai shaguna. Mu dai a ganinmu wannan hasara ce.

Gombe ba tsohon gari ba ne kamar Kano. Sai a 1919 aka maido hedkwatar masarauta nan daga Nafaɗa, ya kuma zama babban birnin jiha a 1996. Saboda haka ɗan abin da ya rage na zauruka da soraye, da gine-ginen zamanin En'e da na cinikin auduga, shi ne shaidar asalin garin. In ya tafi ba ya dawowa.

Wani zai ce ai kuɗin haya ake nema, ba tarihi ba. To, a duba London. A dandalin Bedford Square akwai jerin gidajen bulo da aka gina wa attajirai wajen 1775 zuwa 1783. Yau yawancinsu ofisoshi ne. Doka ta hana a taɓa fuskar gini ko ƙofa ko taga sai da izini, amma ana sa lantarki da famfo, ana karɓar haya mai tsoka, da ita ake gyara.

Mu ma muna da misali. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda Hanns Vischer ya zauna, ginin ƙasa ne, ga shi tsaye da zankwayensa, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tana aiki da shi.

Amma kada a dogara ga doka kaɗai. Mazauna Ikko sun san Ilojo Bar da ke Tinubu Square. Tun 1956 aka sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa, duk da haka aka rushe shi a watan Satumba na 2016. Gidan da aka bari ba gyara, takardar gwamnati ba ta tsare shi.

Shawararmu ita ce, kafin ka ba da umurnin rusau, sa magini ya duba bango da azara. In suna da ƙarfi, a yi yaɓe, a gyara indararo, a mai da zaure ofis ko shago, ɗakunan ciki su zama sito. Ita kuma Gwamnatin Jihar Gombe ta haɗa kai da fadar Mai Martaba Sarki, a rubuta gine-ginen da suka cancanci kariya tun suna tsaye.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa in mun koma mu tarar da abin da za mu nuna wa 'ya'yanmu da aka haifa a Kudu.