Kafin a Kira Ɗalibi Ɓarawo

Duk lokacin rubuta kundin kammala karatu, sai malamai su hau kukan cewa ɗalibai sun lalace da satar rubutu. Maganin da ake yayatawa shi ne manhaja irin Turnitin, mai gwada aikin ɗalibi da abin da ke rumbunta, ta fitar da kason kamanni. An bar jaki ana dukan taiki.

A dubi yaron da ya tashi a Zurmi ko Shinkafi, ya samu gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983. Shekara 12 ya yi yana kwafar allo, kuma wanda ya maido da darasi kalma da kalma ranar jarrabawa shi ke zuwa na ɗaya. A Satumbar 2021 ma rufe makarantun Zamfara aka yi saboda 'yan bindiga. Wannan yaron ake so ya karanta littafin Turanci, ya fahimta, ya faɗa da kalmominsa. Yaushe aka koya masa?

Manhajar ba ta san sata ba, kamanni ta sani. Mai wayo zai musanya kalmomi kaɗan ya tsallake, alhali tunanin na wani ne. Darasin da ya ɗauka shi ne ɓoye sawu.

Koyarwar kuwa ba ta buƙatar wuta ko intanet. Ɗalibi ya karanta sakin layi ɗaya, ya rufe littafin, ya bayyana wa na kusa da shi ma'anar da Hausa. In ya kasa, bai fahimta ba, ya koma. In ya iya, ya rubuta da Turancinsa, ya gwada da na asali, sannan ya ambaci marubucin da shekarar bugu. Sauya kalmomi ba ya ɗauke haƙƙin mai tunanin.

Ambaton tushe ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu.

Akwai masu sayen kundi kacokan a shagon kwamfuta. Waɗannan a hukunta su. Amma hukumar NBTE, mai tsara manhajar karatun kwalejojin fasaha, ta wajabta wannan atisaye kowane mako a darasin Turanci na shekarar farko. Makarantar da ba ta koyar da shi ba, ba ta da bakin kiran ɗalibinta ɓarawo.