Sunanka Na Cin Bashi Kana Barci

Yau kam ku yi haƙuri, ba labarin soyayya na zo da shi ba, wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da mutanenmu na Anka da Gummi da Bukkuyum.

A da can idan mutum zai ci bashi a kasuwa, sunansa ne jarinsa. Dillali ya san gidanku, mai unguwa ya san ubanka, kowa ya san mai biya da mai taurin bashi, kuma babu yadda wani zai ari fuskarka ya je ya karɓo buhun gero da ita. To yanzu an ƙulle wannan sunan cikin lambobi goma sha ɗaya. Babban Bankin Nijeriya ya fito da BVN a 2014, sannan a Disambar 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layin wayarsa da NIN. Duk wanda ya riƙe lambobin nan biyu da hoton fuskarka da layinka, to a wurin na'ura shi ne kai.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke rabar da su kamar goron biki. Mutumin da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu yana zaman gudun hijira a Anka, ko wanda ambaliyar 2024 ta rushe wa gida a Gummi, idan wani saurayi ya zo da fom da biro ya ce tallafi za a ba da, wa zai tsaya tambayarsa daga wane ofis yake? Sai a miƙa takardar NIN, a tsaya a ɗauki hoto, har a bi shi da addu'a. A Yulin 2025 hukumar EFCC ta yi shelar cewa akwai matasa kusan 12,000 a faɗin ƙasar nan da sana'arsu ke nan: su ba mutum naira 1,500 zuwa 2,000 su karɓi bayanansa, su sayar a kan kusan naira 5,000, a buɗe asusu da sunansa. Wato kuɗin da ba zai ciyar da gida kwana ɗaya ba.

Wani zai ce to ni me nake da shi a banki da za a sata? Ai nan gizo ke saƙar. Ba kuɗinka suke nema ba, sunanka mai tsabta suke so. Da shi za a ci bashi a manhajojin nan na waya a gudu, da shi za a karɓi kuɗin damfara, kuma a ƙasar da ake satar mutane, Allah ya kiyaye a ce kuɗin fansa ne ya bi ta asusun da ke ɗauke da hotonka. Ranar da jami'ai za su zo, kai za su tarar, shi mai fom ya daɗe da ƙara gaba. Ga kuma kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, waɗanda bankuna ke leƙawa kafin su ba da rance. Idan sunanka ya shiga can a matsayin wanda bai biya ba, ranar da ka nemi lamunin noma ko na sana'a sai a ce maka a'a, ba tare da ka san laifinka ba.

Ni dai ban ɗora wa talaka laifin duka ba. 'Yan siyasa ne suka saba mana da rubuta suna da lambar asusu a kowace kakar zaɓe, har mutane suka daina bambance na gaskiya da ɗan damfara. Sannan wanda ke Bagega ko Gwashi, da zai je banki sai ya sayar da rai ya bi hanyar da kowa ya san halinta, dole ya dogara da mai POS. Yawancinsu yaran kirki ne masu neman halal, amma wannan ɗabi'a ta miƙa kati tare da faɗin lambar sirri da baki a gaban jama'a, musamman iyayenmu mata da ke aiken yara, ya kamata a daina ta.

Layin waya kuwa shi ne makullin ɗakin. Idan wayarka ta faɗi ko aka ƙwace, ka sa a rufe layin da asusun a ranar, kar ka ce ai tsohuwar waya ce. Layin da ka daɗe ba ka amfani da shi ma kamfani na iya sayar wa wani, alhali bankinka na nan yana tura saƙo a kansa. Lambar nan kuma da ake turowa ta tes, ko wanda ya kira ya rantse daga banki yake, kar ka karanta masa.

Dokar 2017 kan bayanan bashi ta ba kowa damar karɓar rahoton kansa kyauta sau ɗaya a shekara daga waɗancan kamfanoni, kuma idan ka ga bashin da ba kai ka ci ba kana da ikon kai ƙorafi a bincika a gyara. 'Yan bokonmu masu manyan wayoyi, don Allah ku duba wa iyayenku, limamai kuma su riƙa sako maganar a huɗubar Juma'a a Anka da Gummi da Nasarawar Burkullu.